Ƙanena, Ga Amsar Batun Sunan Kwikwiyar Nan

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da ka samu gurbin karatun likitancin dabbobi a Feruja. Ka ce matar da za ta ba ka hayar ɗaki ta karɓo kwikwiya mai jan gashi, ta nemi ka zaɓa mata suna daga harshen Latin tun kafin ka sauka Italiya. Ka turo min guda huɗu in duba: Imperatrix, Terra, Nox da Aurora. Duka huɗun ban yarda da su ba, bari kuma ka ji dalili.

Ka zaɓe su ne da ido, kana duban ma'anarsu a ƙamus. Shi kuwa sunan kare da baki ake aiki da shi, sau da yawa da ƙarfi, daga nesa, a daidai lokacin da ya fizge igiya ya nufi titi. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani Barume mai suna Kolumela, wanda ya yi rubutu kan noma da kiwo a ƙarni na farko miladiyya, ya ba da shawarar kada sunan kare ya yi tsawo, domin ya ji da wuri idan an kira shi, kada kuma ya gaza gaɓa biyu. Har misalai ya kawo: Ferox, wato mai zafin rai, da Celer, mai sauri, ga maza, Lupa, Cerva da Tigris ga mata. Shekara kusan dubu biyu ke nan, amma masu horar da karnuka a nan abin da suke faɗa ke nan har gobe. To ka auna Imperatrix da wannan ma'auni. Gaɓa huɗu! Kafin ka gama furta “sarauniyar daula”, ita sarauniyar ta tsallake kwalta. Nox kuma gaɓa ɗaya ne, ga shi ya yi kama da “no”, kalmar da za ta riƙa ji duk lokacin da ta ciji takalmi. Ba za ta bambance kira da tsawa ba.

Terra ne ya fi ba ni dariya, kuma ba laifinka ba ne, sai wanda ya zauna a ƙasar zai sani. A nan idan ana so kare ya kwanta, “terra” ake ce masa. Ka ga duk kiran da aka yi mata a dandalin karnuka, sai na maƙwabta su zube ƙasa, ita kuma ta rasa ko zuwa ake so ta yi ko kwanciya.

Aurora suna ne mai daɗi, ma'anarsa ketowar alfijir, sai dai yana cikin sunayen da aka fi raɗa wa 'yan mata a Italiya a shekarun nan. Mutanen nan ba su cika ɗaukar abin da zafi ba, amma kai baƙo ne. Ba na so ranar da ka fara fita da ita ka tsaya a lambun shaƙatawa kana ƙwala wa 'yar wani kira, uwar tana hararar ka.

Akwai kuma abin da ba ka kawo a lissafi ba, wato bakinka. Kai ma za ka riƙa kiranta. Lupa, kyarkeciya, suna ne mai tarihi, don ita ce a tatsuniyar Rumawa ta shayar da tagwayen da aka ce ɗayansu ya kafa birnin Rum. Amma harshenmu ba ya son “p”, kana gaggawa za ka ce Lufa. Cerva kuma ya haɗa matsala biyu: “v” ɗin zai koma “b” a bakinka, sannan malaman Latin na da suna fara shi da “ke”, Italiyawa kuma da “ce”. Kare da sautin da yake ji kullum yake gane sunansa, don haka gara wanda ku biyu za ku furta iri ɗaya.

Na san za ka tambayi Fido, tunda shi ne kowa ya sani. Asalinsa daga kalmar amana ne, kuma a nan yana da nauyi. A wani ƙauye kusa da Borgo San Lorenzo, arewa da Filorans, an yi wani kare mai wannan suna da ya saba tarar ubangidansa a tashar bas kowace yamma. Mutumin ya mutu a ruwan bama-bamai a ƙarshen Disamban 1943, karen bai daina zuwa tashar ba har ya mutu a 1958. Tun yana raye garin ya kafa masa mutum-mutumi. Sai dai sunan namiji ne, ita kuwa taku mace ce. Ka riƙe wannan ƙa'ida, za ta yi maka amfani a aji ma: galibi mai ƙarewa da “-us” namiji ne, mai “-a” mace.

Da ni ne, Rufa zan ce. Shi ne na macen Rufus, mai jan gashi, ya dace da launinta, gaɓa biyu ne, babu harafin da zai sarƙe ka, kuma ban taɓa jin an kira wata karya da shi a unguwarmu ba. Luna ma yana da sauƙi, amma ya yi yawa; ka kira ɗaya, na mutane da dama su waiwayo.

Ka tura wa matar da za ta ba ka hayar Rufa da Tigris na cikin misalan Kolumela, ka bar mata zaɓi. Doka a nan ta wajabta a sa wa kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a yi masa rajista da sunan mai shi, kuma ita ce za ta sa hannu. Ka ce ta gwada kiran kowanne da ƙarfi daga wani ɗaki na kwana biyu kafin ta je wurin likita a rubuta.