Diskina na ɗaukar rabin awa wajen kwafi: ina matsalar take?

Tambaya: Ina ɗaukar bidiyon bukukuwa a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maraɗi. Na sayi diskin waje mai cin tera 1, amma aikin jiga 60 sai ya ci mini rabin awa kafin ya shiga, wani sa'in wanda ya ba ni aikin yana zaune yana jira. An ce akwai manhajar da ke ƙara sauri. Wacce zan saka?

Amsa: Malam, kada ka saka ko ɗaya tukuna. Lissafin da ka ba ni ya riga ya nuna inda abin yake. Jiga 60 a cikin rabin awa na nufin mega 33 ko 35 a daƙiƙa, kuma wannan shi ne iyakar abin da USB 2.0 ke iya ɗauka a aikace. A takarda an rubuta masa megabit 480, tun fitowarsa a 2000, amma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya, sannan wani kaso na tafiya wajen tsara saƙon. Diskinka kuwa, in mai jujjuyawa ne irin na inci 2.5 da ya cika kasuwa, yana iya kai mega 100 zuwa 120. Ke nan aikin nan bai kamata ya wuce minti goma ba. Diskin lafiyarsa lau, hanyar ce ƙarama.

Duba kafar da kake sokawa a jikin kwamfuta. Ta USB 3.0, wadda ta fito a 2008 da gudun jigabit 5, galibi cikinta shuɗi ne, ko ka ga an rubuta SS a gefenta. Tsofaffin kwamfutoci kan zo da guda ɗaya kawai, sauran duk baƙaƙe. Idan kwamfutar ta tebur ce, soka ta baya, domin kafofin gaba sau da yawa na 2.0 ne.

Sai igiya, kuma nan ne na fi zargi. Bakin diski irin naka faffaɗa ne mai gida biyu. Igiyar cajin tsohuwar salula tana shiga gida ɗaya daram, diskin ya tashi, ya yi aiki, mutum ya ɗauka komai daidai ne, alhali ya koma gudun 2.0. Haka ma in ka haɗa ta ƴar akwatin nan mai raba kafa huɗu, ko ka yi ƙarin igiya mai araha. Akwai kuma batun wuta: kafar 2.0 miliyamfa 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900. Diskin da bai ƙoshi da wuta ba yakan yi ƴar ƙara, ya ɓace ya dawo ana tsakiyar kwafi. Nemi gajeriyar igiya ta asali ka soka kai tsaye.

Idan ka gyara waɗannan, ka sa ido a kan lambar da Windows ke nunawa lokacin kwafi. A ta Faransanci za ka ga Mo/s, wato mega a daƙiƙa. In ta tsaya wajen 100 a babban bidiyo, ka kai maƙura. In kuma ta faɗi ƙasa da 10 sa'ad da kake tura hotuna, ba lalacewa ba ce. Kowane fayil sai an buɗe masa wuri an rubuta sunansa, kamar mai loda hatsi a mota tiya-tiya maimakon buhu-buhu. Tattara hotunan cikin zip ɗaya kafin ka tura. Kada kuma ka sa kwafi biyu ko uku lokaci guda a diski mai jujjuyawa: allurarsa ɗaya take kai-kawo, kowanne sai ya ja wa ɗan'uwansa.

Wasu diskokin za ka ga sun fara da ƙarfi, bayan an zuba jiga masu yawa su yi sanyi. Irin da ake kira SMR ne, masu jera layukan rubutu wani bisa gefen wani don su ci kaya da yawa. Ba su da magani, sai dai ka bar su a soke su huta tsakanin manyan ayyuka, kada kuma ka cika su fal.

Akwai saiti ɗaya da mutane ke yawan ba da shawararsa. Tun daga sigar 1809 ta Windows 10, ana barin na'urorin waje a kan tsarin cirewa da sauri, kuma kana iya mayar da shi tsarin ƙarin ƙwazo a Gestionnaire de périphériques, wato sashen Windows mai kula da na'urorin da ke haɗe da kwamfuta. Yana ɗan taimakawa, amma ni ba na so ka yi shi a kwamfutar tebur marar batirin tsaro. Yadda ake ɗauke wuta a watannin zafi, abin da ke jiran rubutu sai ya salwanta, ga bikin mutane ba a maimaita shi.

Tsarin diskin ma ka duba. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce jiga 4. NTFS ya fi in Windows kaɗai kake aiki da ita, exFAT in za ka kai shi Mac. Kwashe kayanka wani wuri kafin ka sake tsari, don yana share komai.

In bayan duk wannan minti goma ma ya yi maka yawa, sai sayen SSD na waje, wato diski marar jujjuyawa, wanda a kafar 3.0 yake kai mega 400 da ɗoriya, aikinka ya koma kamar minti uku. Sai dai kwamfutarka ma dole cikinta ya zama SSD, in ba haka ba ita za ta riƙe shi. Kafin ka biya, ko a babbar kasuwa ko a wajen masu kawowa daga Kano, ka gwada shi da manhajar H2testw. Kyauta ce, tana cika shi da rubutu ta sake karantawa, ta faɗa maka ainihin girmansa da gudunsa. Na jabu da ke cewa tera 2 sau da yawa ƙaramin katin memori ne aka rufe a cikin gwangwani.