Amsoshin Masu Karatu: "Fortnight", "Let" da Wasu Tsofaffin Kalmomin Turanci

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto: "Malam, na ci karo da *fortnight* a wani tsohon littafi. Ƙamus ya ce mako biyu ne. To me ya haɗa ta da *night*, wato dare?"

'Yata, amsar tana bakinki, ba ki dai lura ba ne. Asalin kalmar "dare goma sha huɗu" ne a tsohon Turanci, yau da gobe baki ya tauna ta har ta dunƙule. Kakannin mutanen Ingila da dare suke ƙirga lokaci, ba da yini ba, kuma marubucin Rum ɗin nan Tacitus ya shaidi ƙabilun Jamus, inda kakannin nasu suka fito, da wannan ɗabi'a tun wajen shekara ta 98 miladiyya. Mu ma ai haka muke. Bahaushe kwana bakwai yake yi a gari, mai jego ta cika kwana arba'in, in an daɗe ba a gamu ba a ce "kwana biyu". Kalmar tana da ƙanwa, *sennight*, dare bakwai, wato mako guda, amma ita ta kwanta dama. *Fortnight* kuwa tana nan da ranta a Ingila da Ostireliya, sai dai ba kasafai Ba'amurke ke furta ta ba.

Wani ɗan kasuwa ya ce ya ga *without let or hindrance* a bangon fasfo, alhali a makaranta an koya masa *let* na nufin ƙyale.

Alhaji, ba a yi maka ƙarya a makaranta ba. Kalmomi biyu ne daban a tsohon Turanci: *lætan*, a bari, da *lettan*, a tare ko a jinkirta, wadda danginsu ɗaya da *late*. Daga baya furucinsu ya zama ɗaya, ta farko ta danne ta biyu. Mu da muke rubuta "gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya, muna da karin sauti da jan wasali su raba mana gardama. Su ba su samu wannan ba. Abin da fasfon Birtaniya da na wasu ƙasashen da ta mulka ke roƙo shi ne a bar mai shi ya wuce ba tare da an tare shi ko an kawo masa cikas ba. A wasan tanis ma, in ƙwallon farawa ta taɓi raga ta faɗa inda ya dace, alƙali kan ce *let*, a sake bugawa.

Tambayar da ta fi yawa ita ce ta *thou* da *thee*. Da yawa suna ɗauka kalmomin girmamawa ne, saboda sun gan su a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611. A gaskiya *thou* (*thee* wata siffarta ce) ita ce "kai" ko "ke", ta mutum ɗaya, ta ɗa da aboki da bara. *Ye* da *you* su ne "ku". Kamar yadda yaro mai tarbiyya ke ce wa mahaifinsa "kun tashi lafiya?", haka suka riƙa kiran babba da *you*, har kowa ya so a kira shi da ita, *thou* ta zama raini. A ƙarni na 17 mabiya ɗarikar Kirista ta Quaker sun nace wa *thou* ga kowa, mai mulki da talaka, suka sha wuya a kan haka. Ni a ganina Turanci ya yi asara a nan, domin yau *you* ɗaya ce ga mutum guda da taron jama'a. A Yorkshire da ke arewacin Ingila dai har yanzu akan ji *tha* a bakin dattawa.

Wani kuma ya tambayi *sixpence*. Tsohon kuɗi ne, kwabo shida, rabin sule. Birtaniya ta sauya tsarin kuɗinta a 1971, Najeriya ta koma naira a 1973, amma kalmar ta zauna a wurinmu: ita ce sisi. Sule daga *shilling* ya fito, kwabo daga *copper*. Jikan da bai taɓa riƙe tsabar a hannu ba, in ka tambaye shi rance, zai ce maka ba shi da ko sisin kwabo.