Antivirus ɗin jami'a ya ƙi hawa kwamfutata, me zan yi?

Ka ce ka sauke antivirus ɗin da jami'a ke bai wa ɗalibai, amma yana tsayawa a rabi. Galibi matsalar tsohon antivirus ce. Sababbin kwamfutoci da dama suna zuwa da antivirus na gwaji, McAfee ko Norton, kuma antivirus biyu ba sa zama tare: kowanne yana ƙoƙarin riƙe fayil ɗaya a lokaci ɗaya, sai kwamfutar ta yi nauyi ko ta daskare.

Shiga Settings, sannan Apps, ka cire tsohon. Kashe kwamfutar ka sake kunnawa; wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa. Sai ka danna fayil ɗin sabon antivirus da ka sauke da maɓallin dama na mouse, ka zaɓi Run as administrator. Kada ka taɓa Microsoft Defender, wato antivirus ɗin da ke zuwa tare da Windows; shi da kansa yake ja da baya idan sabon ya hau.

Yana gama hawa, haɗa intanet ya sabunta kansa kafin ka sa shi ya bincike kwamfutar gaba ɗaya. Duk filashin da ya shiga shagon fotokofi, ka bincike shi kafin ka buɗe.

Ka tambayi sashen kwamfuta na jami'ar ranar da lasisin zai ƙare, domin galibi yana tsayawa idan ɗalibi ya kammala karatu.