Ga ɗan'uwan da ya tambayi yadda ake barin giya ba a koma ba

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Na karanta abin da ka rubuta: shekara da shekaru kana shan giya kusan kowane dare, ka yi rantsuwa ba adadi cewa ka bari, amma da an kwana biyu sai hannu ya kama rawa, barci ya ƙaurace, ka koma. Kana tambaya ko akwai wanda ya taɓa fita, kuma yaya ya yi ya ɗore. Akwai. Ni ma na sha na bari, an kuma daɗe, kuma zan faɗa maka abin da na sani ba kwana-kwana.

Mu fara da rawar hannun nan. Wasu sun ce maka ka daure kawai, ka zubar da abin da ya rage yau ɗin nan. Da zuciya ɗaya suka faɗa, amma ga wanda jikinsa ya riga ya saba, shawara ce mai haɗari. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. Idan aka daɗe ana danne ta kullum, sai ta ƙara wa kanta wuta don ta iya aiki, kamar direban da ya take totur saboda an riƙe masa birki. Ranar da aka saki birkin farat ɗaya, ƙafa tana nan a kan totur. Daga nan rawar jiki take, da zufa, da faɗuwar gaba, da tashin zuciya. Yakan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. A kwana biyun farko wasu kan faɗi suna jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kan ruɗe, su yi ta sambatu da gane-gane, jiki ya ɗau zafi, zuciya na dukan uku-uku. Wannan matakin yana iya kisa idan ba a kai mutum asibiti ba. Sannan wanda ya saba bari yana komawa, abin yakan fi tsananta masa a karo na gaba, kuma kai ka ce ka gwada sau da yawa.

Don haka likita za ka fara gani, cikin makon nan. Kafin ka gan shi kada ka ƙara, kada kuma ka yanke lokaci guda kana kai kaɗai a ɗaki. Idan ka zauna gabansa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: faɗi adadin da kake sha na gaskiya, da lokacin da kake farawa, da ko ka taɓa faɗuwa. Da wannan bayanin zai san ko a gida za a kula da kai ko sai an kwantar da kai. Yawanci akan ba da magani irin diyazefam na 'yan kwanaki ana rage shi a hankali, da bitamin B1, domin mai shan giya yakan rasa shi, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya kasa riƙe abin da aka faɗa masa ɗazu. Ina roƙonka kada ka sayi diyazefam da kanka. Haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi, shi kansa kuma yana kama mutum. Ka ce a duba maka hanta. Kitsen da giya ke tara mata yakan narke idan an bari da wuri.

Wannan duk aikin mako guda ne ko makamancin haka. Ainihin tambayarka tana bayansa.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, rantsuwata duk da safe nake yin ta. Da safe kai na sara, baki ɗaci, kunya ta lulluɓe ni, babu abin da na tsana kamar giya, kuma har ga Allah da gaske nake. Amma ba da safe ake sha ba. Da yamma ake sha, an tashi daga aiki, an gaji, ciki ba komai, wani ya ɓata maka rai. A wannan lokacin zuciya ba ta taɓa ce mini in je in bugu ba. Cewa take yi, kwalba ɗaya kawai, ai ka yi ƙoƙari, gobe sai ka ci gaba. Kafin in gama gardama da ita ƙafata ta riga ta karya kwanar da ta saba. Niyyarka ba ƙarya ba ce, ɗan'uwa. Kana barin yanke shawara ne ga sa'ar da ka fi rauni.

Abin da ya yi mini aiki shi ne in yanke wa yamma hukunci tun da safe. Na sauya hanyar komawa gida ko da ta fi nisa. Ba na fita da kuɗin da ya wuce buƙata. Ina cin abinci kafin sa'ar nan ta zo, kuma ina sa wani ya jira ni a wani wuri, don rashin zuwana ya zama abin tambaya. Abokan sha kuwa, a nan ba ni da sassauci: ka bar zama da su. Ba sai ka yi faɗa da kowa ba, amma mai cewa zai zauna a teburin yana shan ruwa, kwana yake ƙirgawa.

Kwaɗayin zai zo duk da haka, kuma yana da wani hali da ya kamata ka sani: yana hawa, ya kai ƙololuwa, ya sauka da kansa, sau da yawa bai wuce rabin awa ba. Karon farko da na tsaya na ga saukarsa, a bakin gado nake, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya, yawu na taruwa a bakina, idona a kan agogo. Na ɗauka zai yi ta ƙaruwa ne har sai na sha, domin ban taɓa jira ba. Can sai na ji kafaɗuna sun saki, na ji yunwa kawai nake ji. Tun daga ranar na daina ganin dole sai na bi shi.

Sai maganar ɓoyo, wadda a ganina ita ce babba. Ka rubuta cewa babu wanda ya sani. Wanda babu mai sanin yana sha, babu mai sanin ya koma. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, wanda ba zai yi maka wa'azi ba, ka faɗa masa komai, ka roƙe shi ya ɗaga waya duk sa'ar da ka kira. In ya kasance wanda ya taɓa sha ya bari, ya fi. A haka ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta mashayan da ke taimakon juna su bar giya, ta samo asali a 1935. Wani mashayi da ya bari, Bill Wilson, yana birnin Akron na jihar Ohayo a Amurka, harkar da ta kai shi ta lalace, kwaɗayi ya taso masa, sai ya shiga neman wani mashayi da zai yi magana da shi don ya tsira da kansa. Aka haɗa shi da wani likita mashayi, Bob Smith, su biyun suka kafa ta. Yau suna da taruka a ƙasashe da dama, har ta intanet, haka ma ƙungiyar SMART Recovery ga wanda ya fi son tsarin koyon dabarun sarrafa tunani. Ban yarda da duk abin da na ji a irin waɗannan taruka ba, amma a can na fara faɗin abin da na aikata, babu wanda ya zaro ido. Addu'a da tuba da ka ambata ka riƙe su da kyau, ni ma ban sake su ba. Ba sa hana ganin likita, ba sa hana kiran ɗan'uwa.

Ka kuma tambayi likita magungunan hana komawa. Naltirekson yana rage kwaɗayi da daɗin da ake ji in an sha. Akamfurosat yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta natsu. Disulfiram kuwa sa mutum ciwo yake yi in ya kurɓa, shi ya sa sai da kulawa sosai. Shan su ba gazawa ba ne.

Watannin farko ba daɗi, gara ka ji daga bakina. Barci yakan ɗauki makonni kafin ya daidaita. Za ka yi mafarkin kana sha, ka farka cikin firgici. Kusan duk wanda na sani ya yi. Komai zai yi maka salam, har ka fara tunanin ko haka rayuwar za ta ƙare. Yana dawowa, a hankali. In baƙin ciki ko fargaba sun ƙi tafiya, ko ka ji kana tunanin cutar da kanka, ka gaya wa likita nan take, domin da yawa cikinmu wani ciwon muke rufewa da giyar. In iyali sun san kana sha, su ma ba za su yarda da kai da wuri ba. Za ka shigo a matso kusa da kai ana shaƙar numfashinka. Yana da zafi, amma sun ji alkawari da yawa. Ka bar su su gani da idonsu.

Lokacin da na fi jin tsoro a kan mutane shi ne bayan sun murmure, jiki ya yi kyau, aiki ya daidaita, sai tunani ya zo cewa ai yanzu an warke, ɗaya ba za ta yi komai ba. Waɗanda na ga sun koma, mafi yawansu ta nan suka bi. In har ta faru gare ka, kada ka ce tun da an ɓata bari a ƙarasa. Jikin da ya huta ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da, shan tsohon adadi yana iya kai ka asibiti. Ka kira mutuminka a daren, ka koma wurin likita da safe, ku duba abin da ya faru a awannin da suka gabaci kurɓar. In kuma har yanzu ba ka da wanda za ka kira, turo mini saƙo ta akwatin sirri, zan amsa.