Faɗaɗa titi ya ɓata mana rafi: talaka yana da bakin magana?

Barista, assalamu alaikum. Ni dattijo ne mai lambu a wata unguwa ta kudancin birnin Kano. A bayanmu akwai rafi da yake gangarawa Kogin Challawa. Da shi muke ban ruwan latas da alayyahu da albasa tun zamanin iyayenmu, rijiyoyinmu ma a gefensa suke. Yau wata biyu ke nan da aka fara faɗaɗa titin da ya tsallaka rafin. Ɗan kwangila ya jibge jar ƙasa a bakin ruwa, a nan ake wanke tifofi da motar kwaɓa siminti, an kuma cire tsohon kwalbati an sa ƙananan bututu biyu. Ruwan ya koma ja, wata rana har da maiƙo a sama. In ka ɗebo a bokiti ka ajiye, kafin azahar laka ta kwanta a gindi kamar kaurin yatsa. Latas ɗinmu yana ƙonewa, matanmu sun koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Mun yi wa mai kula da aikin magana, ya ce aikin gwamnati ne. Mu ba ma ƙin titi, mun daɗe muna roƙonsa. Samarinmu sun ce a tare hanya. Me ya kamata mu yi?

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, ya kuma mayar muku da abin da kuka rasa.

Ku fara riƙe samarin nan. Ranar da aka tare hanya ko aka taɓa katafila, magana ta tashi daga kan rafi ta koma ofishin 'yan sanda, ku da aka zalunta ku zama waɗanda ake nema wa beli. Kuna da gaskiya a hannu, kada ku bari a ƙwace muku ita da wannan.

Maganar mai kula da aikin kuwa, rabinta ce gaskiya. Gwamnati tana da ikon yin titi, har ma ta karɓi ƙasa saboda amfanin jama'a a ƙarƙashin sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Amma takardar kwangila ba lasisin kashe rafi ba ce. Dokar Tantance Tasirin Ayyuka ga Muhalli, wadda aka fi sani da EIA, an kafa ta a 1992, kuma ta hau kan gwamnati kamar yadda ta hau kan ɗan kasuwa: ba a fara aikin da zai iya taɓa muhalli sosai sai an duba illarsa tukuna. Manyan titunan ƙasa suna cikin jerin ayyukan da cikakken bincike ya wajaba a kansu. Titin cikin gari kuwa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce take tacewa ta faɗi zurfin binciken da yake buƙata. In an yi cikakken rahoto, ana ajiye shi kwanaki 21 na aiki jama'a su karanta su yi ƙorafi. A cikinsa akwai abin da ya fi komai amfani gare ku, wato alkawuran da masu aikin suka ɗauka da kansu: inda za su zubar da ƙasa, inda za su wanke motoci, girman kwalbatin da za su sa. In sun saɓa, da bakinsu za ku kama su. In kuma ba a yi binciken ba sam, wannan ma makami ne.

Bayan wannan akwai NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, tana da ofis a nan Kano. A 2011 ta fitar da ƙa'idoji a kan ayyukan gine-gine, da wasu a kan kare ingancin ruwan rafi da na ƙarƙashin ƙasa, tun 2009 kuma akwai na kare bakin koguna da fadamu. Wanke motar siminti da zubar da baƙin mai a rafi sun ci karo da su. Kundin dokokin laifuka na Arewa, wanda muke kira Final Kod, shi ma ya mai da gurɓata rijiyar jama'a da gangan laifi. Malamanmu kuwa za su ce muku ba sabon abu ba ne, hadisin "la darara wa la dirara" (ba cuta, ba cutarwa) yana cikin Muwaɗɗa, kuma a kansa aka gina hukuncin kawar da cuta tsakanin maƙwabta.

Akwai shari'ar da nake so ku sani, don kamar a kanku aka yi ta. A 1975 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin Umudje da kamfanin Shell-BP. Kamfanin ya gina hanya a yankin Neja Delta bai sa isassun kwalbatoci ba, hanyar ta tare ruwan da yake shiga tafkunan da mutane suke kamun kifi. Kotu ta ce wannan sakaci ne, a biya su. Wato tun shekara hamsin da suka wuce doka ta san cewa mai gina hanya yana ɗauke da nauyin ruwan da hanyarsa ta tsallaka. A 1991, a shari'ar Adediran da Interland Transport, kotun ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa yana iya kai ƙara a kan abin da ya addabi jama'a ba sai ya jira Antoni Janar ba. A 2018 kuma, a ƙarar da wata ƙungiya mai suna Centre for Oil Pollution Watch ta kai NNPC a kan rafuka biyu da mai ya gurɓata a Jihar Abiya, Kotun Ƙoli ta buɗe wa ƙungiyoyi ƙofar shigar da irin wannan ƙara, ta kuma haɗa sashe na 20 na Tsarin Mulki, mai cewa hukuma ta kare ruwa da iska da ƙasa, da sashe na 33 na 'yancin rayuwa da sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, mai ba jama'a haƙƙin zama a muhalli mai kyau. Saboda haka amsar tambayarku ita ce e, kuna da bakin magana, da ku da ƙungiyar masu lambunku.

To amma Baba, a kotu ba wanda ya fi gaskiya ne kullum yake nasara ba, wanda ya fi hujja ne. A nan nake so mu daɗe.

Na san abin da lauyan kamfani zai faɗa tun bai buɗe baki ba. Zai ce rafukan Kano dama a gurɓace suke. Zai kawo Jakara da ta ɗauki ƙazantar cikin birni, ya kawo Getsi da ruwan masana'antun Bompai, ya kawo Challawa da ruwan majemun Sharaɗa da na rukunin masana'antun Challawa, ya ce su sun tarar da ruwan a haka. Abu ɗaya ne yake karya wannan magana: a ɗebi ruwa a sama da inda ake aikin, a ɗebi wani a ƙasa da shi, a rana ɗaya, a gwada. In na sama yana da dama-dama, na ƙasa kuma ja ne mai maiƙo, to tsakanin wuraren biyu ba kowa sai su. Ku haɗa da ruwan rijiyoyin da suka sauya. Zai fi kyau ma'aikacin ɗakin gwajin ya zo ya ɗiba da hannunsa, ko daga Jami'ar Bayero ko wani wurin da gwamnati ta amince da shi, domin shi za a kira ya ba da shaida, kuma ba za a ce kun zuba wani abu a kwalba a hanya ba. Ku ce a duba duhun ruwan, da tsaminsa ko kaifinsa, da maiƙo, da ƙwayoyin cuta. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya ce duhun ruwa kada ya wuce 5 a sikelin NTU, pH kuma, wato ma'aunin tsami ko kaifin ruwa, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan wankin siminti yana kaiwa wajen 12, kaifinsa ya fi na ruwan kanwa, kuma ina kyautata zaton shi ne yake ƙona muku latas. Lakar kuwa toshe ƙasar lambu take yi, ta cinye injin ban ruwa, ta cike cikin rafin har ya rasa inda zai ɗauki ruwan damina.

Sai hoto da bidiyo. Yaro ɗaya mai natsuwa ya ɗauki nauyin wannan, da waya ɗaya, kada a goge na asali. Ya ɗauki tarin ƙasar da ruwan a hoto guda, ya ɗauki motar tana wanka da lambarta a fili, ya ɗauki bututun nan biyu da mutum a tsaye a gefe don a ga ƙanƙantarsu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayanin na'urar da aka ɗauka da ita, shi ya sa hoton da ya zaga WhatsApp ba a san mai shi ba yake wahalar shiga. Na taɓa karɓar wasu bayin Allah da irin matsalarku, sun zo bayan an binne kwalbati an shimfiɗa kwalta, ba gwajin ruwa, ba hoto mai kwanan wata, sai baki. Na yarda da su har zuciyata, amma abin da zan ajiye gaban alƙali ya yi kaɗan, kuma har yau abin yana damuna. Kowane mai lambu ya samu littafi ya rubuta fangali nawa ya shuka, nawa ya kashe a iri da taki da mai, nawa ya saba samu, jarka nawa gidansa yake saye a rana. Diyyar asara sai an lissafa ta dalla-dalla an tabbatar, kotu ba ta ƙiyasta wa mutum.

A makon nan kuma ku rubuta takardar koke, mai unguwa da dagaci su sa hannu in sun yarda. A kai wa kamfanin, da ma'aikatar da ta ba da aikin, wadda sunanta yake kan allon da aka kafa a bakin titi, da Ma'aikatar Muhalli ta Jiha, da NESREA. Ku ba Hukumar Ruwa ta Jiha kwafi, domin daga Kogin Challawa matatar ruwa ta Panshekara take ɗiba, lakar da ta bar unguwarku ba a nan take tsayawa ba. Duk inda kuka kai, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. A wata takardar daban ku nemi rahoton EIA da zanen kwalbatin a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. In kun ga sunan Bankin Duniya ko makamancinsa a allon, ku ji daɗi, irin waɗannan ayyuka suna da kwamitin karɓar ƙorafi, kuma ɗan kwangila yana tsoronsa.

Kada takardar ta tsaya a kuka. Ku faɗi abin da kuke so a yi: a janye tarin ƙasa daga bakin ruwa, a jera buhunan yashi ko shingen tare laka, a haƙa ramin wankin motoci nesa da rafi, a ɗora durom ɗin mai da kwalta a kan daɓen siminti, a gina kwalbatin da bai gaza na da ba kuma gindinsa daidai da cikin rafin, a jera dutse a gaɓa a dasa jema ko wata ciyawa mai riƙe ƙasa, a kawo wa gidajen da rijiyarsu ta ɓaci tankar ruwa kafin a gyara. A kuɗin titi waɗannan ba komai ba ne, shi ya sa sau da yawa ana samunsu ba a je kotu ba. Kwalbatin shi ya fi tsaya min a rai. Yanzu rani ne, bututu biyu suna ɗaukar ruwan. Ranar da aka yi ruwan Agusta irin na Kano, za su toshe da yashi da leda, ruwan ya dawo da baya cikin lambuna da gidaje.

In sun yi kunnen ƙashi, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe ta jiha da ta tarayya, akwai kuma zauren sulhu na Babbar Kotun Kano, inda ake zama a sasanta, alƙali ya sa hannu, yarjejeniyar ta zama hukunci. In sai ƙara, mutum biyu ko uku za su iya tsayawa a madadin sauran da izininsu a rubuce. A haɗa kamfanin da hukumar da ta ba shi aiki, domin in laifin na zane ne, kamfanin zai ce abin da aka ba shi ya gina. Titin jiha Babbar Kotun Jiha za a je, in hukumar tarayya ce a ciki sai lauyanku ya duba Babbar Kotun Tarayya. Shawarata kada ku roƙi a tsayar da titin gaba ɗaya. Alƙalai ba sa son dakatar da aikin jama'a, kuma za a sa ku ɗauki alkawarin biyan asarar kamfani in ƙararku ta faɗi. Ku roƙi umarnin da ya tsaya a kan rafin kawai: a daina zuba, a kwashe, a gyara kwalbati.

Lokaci kuwa ya fara cin ku. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a kai ƙarar hukuma daga ranar da abin ya faru. Akwai rangwame in cutarwar tana ci gaba, amma kotuna suna fassara shi da cewa aikin ne yake ci gaba, ba raɗaɗinsa ba, don haka ban yarda ku jingina da shi ba. Wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwar wata guda kafin a kai su kotu. Kamfani mai zaman kansa ba shi da wannan kariyar a ƙa'ida, amma kun ce wata biyu ke nan, ku lissafa da kanku abin da ya rage. Ku ga lauya a makon nan, in hali bai kai ba ku je ofishin Legal Aid Council, hukumar da take ba marasa hali lauya kyauta, ko ku tambayi ƙungiyar lauyoyi reshen Kano waɗanda suke aikin taimako.

Saura abu ɗaya, Baba. Wataƙila a zo muku da kuɗi da takarda. Diyyar gefen lambun da titi ya ci daban take, sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ne ya tanade ta, a kan shuka da gini da abin da mutum ya kafa. Asarar da gurɓacewar ruwa ta jawo kuma daban. In takardar ta ce wanda ya karɓa ya yafe duk wani haƙƙi na yanzu da na gaba, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai lauyanku ya karanta muku ita da Hausa, layi bayan layi.