Ka zana marin, amma ka kula da tsagen fuska

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka sa mari da sarƙar bayi a zanenka na samarinmu masu bin hamada zuwa Libiya, ko za a ce ka fama tsohon miki. E, ka sa. Marin ba ƙarin gishiri ba ne. A 2017 duniya ta ga bidiyon gwanjon baƙin haure a Libiya, irin cinikin mutanen da aka yi a yankin Tafkin Chadi zamanin Rabeh, mayaƙin da ya ci Borno da yaƙi, kafin a kashe shi a Kusuri a 1900.

Sharaɗina ɗaya ne: kada ka yi wa mai marin tsagen wata ƙabila. Na taɓa yin wannan kuskuren a wani zane da na rataye a garin Marwa na Kamaru. Wata dattijuwa ta tsaya gabansa, ta shafa kuncinta, ta ce, "Ɗana, wannan tsagen gidanmu ne. Ashe har yau kallon bayi ake mana?" Daren nan ban runtsa ba. Da na sake zanen, na bar fuskar ba tsage, na kwance marin daga ƙafar saurayin na damƙa masa a hannu, yana tafe da jarkar ruwa a kafaɗa.