Goggonnina biyu da yayata duk sankarar mama, ni ma ina kan layi kenan?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Agege, shekarata 31, yarana biyu. Ƙannen babanmu mata su biyu sankarar mama ce ajalinsu, yanzu kuma an gano ta a jikin yayarmu mai shekara 38, tana kan magani. Umma ta ce mu kwantar da hankali tunda ba ta ɓangarenta bane, bamu tsotsa a nono ba. Ni dai ko barci bana iyawa. Akwai gwajin da zanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan goggonninki ya ba yayarki lafiya. Gwaji akwai, amma ba ke ya kamata a fara yi wa ba, yayarki ce, zan zo kan dalili.

Maganar Umma tukuna. Gaskiyarta ne ba a tsotsar sankara a nono, sai dai gadon ta cikin ƙwayoyin halitta yake bi, kuma kowa rabi ya ɗauko wajen uwa rabi wajen uba. Namiji zai iya ɗauke da matsalar yana lafiyarsa lau har ya tsufa, ya miƙa wa 'yarsa bai sani ba. To kinga dangin uba ma a lissafi suke.

Yawancin sankara ba gado bace, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ake gada. Amma mata uku a tsatso ɗaya, ɗaya ma bata kai 40 ba, ni kam bazan ce miki haɗuwa ce kawai ba. Waɗanda muka fi zargi su ne wasu ƙwayoyin gado biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2, aikinsu gyara ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayar halitta, in aka gado ɗaya a lalace sai gyaran ya yi rauni, haɗarin macen na kamuwa da sankarar mama ya kai wajen kashi 70 cikin 100 a tsawon rayuwarta, ga na ƙwan mahaifa shima ya hau, musamman mai BRCA1. Kuma kar ki ɗauka abin Turawa ne, binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jami'ar Chicago da abokan aikinta na Ibadan suka fitar a 2018, kan matan Najeriya 1,136 masu sankarar mama, ya nuna kashi 7 cikin 100 na da lalataccen BRCA1, kashi 4 kuma BRCA2.

Me yasa yayarki? In ke kika fara aka ce ba a ga komai ba, bamu san ko kin tsira bane ko kuma abin da ke yawo a gidanku daban ne gwajin bai kamo shi ba, kin kashe kuɗi kin dawo da zullumin ki. In kuwa an samu a jikinta an san takamaiman inda ya lalace, sai a duba wannan wajen kaɗai a jininki da na sauran 'yan'uwa, amsar ta fito a fili. Ita ma zai amfane ta don yana iya canza irin tiyata da maganin da za a zaɓa mata. In babanku ne mai ɗauke da shi, kowane ɗa nasa rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba, har mazan, su nasu haɗarin ya fi a sankarar mafitsara irin ta maza da ake kira furostet.

Jini ake ɗiba ko yawu, ba araha gare shi ba, shi yasa bana son kiyi gaban kanki ki biya wani lab ɗin da kika gani a Instagram. Wani lokacin sakamako kan fito da canjin da ba a san ko yana cutarwa ba, mu 'yan Afirka mun fi cin karo da wannan saboda yawancin bayanan da ake gwadawa dasu daga jinin Turawa aka tara. Ba a yin tiyata a kan irin wannan sakamakon, dole sai likita ya fassara miki.

In an same ki da lalataccen BRCA ɗin, ba sankara gare ki ba. Sa ido za a ƙara, hoton MRI duk shekara daga shekara 25, hoton nono na mamogaram daga shekara 30, kinga ke kin riga kin shiga shekarun. Akwai zancen cire ƙwan mahaifa tsakanin 35 da 45 bayan an gama haihuwa, wasu har maman suke cirewa kamar yadda 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie tayi a 2013, wannan shawara ce taki da maigida da likita, ba wanda zai miki dole.

Yanzu ki zauna da dattawan gidan babanku ki rubuta wa yayi sankara, wace iri, yana shekara nawa, har waɗanda aka ce "daji" ne ko jifa aka yi musu. Ki raka yayarki ranar ganin likitanta ki miƙa masa takardar, ko ki je asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja. In kuma kin ji ƙullutu ko jini na fita ta kan nono, dan Allah kar ki jira gwajin gado, kuma kar ki biye wa masu cewa daji baya son allura, ki tafi asibiti a satin.